Na sayi tsohon babur Honda XL bayan an sace mini nawa, yanzu lambar injinsa ta hana ni barci

Manomin Hanyar Doka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan koma da ku baya kafin ku gane inda ta dosa. Ku yi haƙuri da tsawon magana.

Ni a Gadarif nake, a ƙasar Sudan, nan aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin Hajji, ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya nan yin noman damina ɗaya, shi ke nan zama ya kama. Ina da gona fadan 12 (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne) kudu da gari ta hanyar Doka, rabi riɗi rabi dawa. Wanda ya san ƙasar nan ya san baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuwa ta riƙe takalminka ta ƙi saki. Daga inda ake sauka kwalta zuwa bukkata kilomita 9 ne, kuma a kansu ake gane babur na gaske.

Bara cikin watan Agusta, ana tsakiyar noma, aka sace mini Boxer ɗina. Daren an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano yana ta ƙara, ko kiran sunanka aka yi a tsakar gida ba ka ji. Na shigar da shi zaure na kulle wuya. Da asuba na fito alwala na tarar da ƙofa a wangale. Kwadon yana nan a kulle lafiya lau, mariƙinsa da aka kafa da ƙusa ne aka ɓanɓare daga jikin katako. A cikin laka na ga sawun mutum biyu, ɗaya da takalmin roba ɗaya ƙafa tsirara, sai sawun taya guda ɗaya tak, ta baya. Wato gaban suka ɗaga tunda wuya a kulle yake, suka tura shi haka nan. Na bi sawun har bakin titi inda ya haɗu da na raksha, wato keke mai ƙafa uku, daga nan ya ɓace. Da na kai balag, wato rahoto wurin 'yan sanda, tambayar farko da aka yi mini ita ce lambar shasi (ta jikin firam) da lambar inji. Takardun suna cikin akwatin gefen babur ɗin, sun tafi tare. Ban rubuta lambobin ko'ina ba, ban ɗauki hoto ba. Wannan ita ce ta fi ci mini rai har yau.

Na yi wata goma ina bin lori da taraktocin mutane. Da na sayar da ragowar riɗina, sai na ƙudura wannan karon mai dogayen ƙafafu zan saya, domin Boxer duk ƙarfinsa laka tana cushewa tsakanin tayar gaba da madigadi har tayar ta daina juyawa, sai ka sauka ka nemi kara kana ƙwaƙulewa. Wani dillali ya kai ni wurin wani bawan Allah da ya zo gudun hijira daga garin Madani saboda yaƙi tun Disambar 2023. Yana da Honda XL 125 ja, tsoho ƙwarai, tayar gaba inci 21, madigadin can sama. Ya ce a kansa ya fito da matarsa da jaririnsu, takardu kuwa sun rage a gida. Muka rubuta takardar ciniki da hannu, shaidu biyu suka sa hannu, na tura masa kuɗinsa ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ba zan ɓoye ba, farashin ya yi sauƙi. Na ɗauka saboda tsufan babur ɗin ne da halin da mutumin yake ciki.

Ga abin da na gani cikin kwana takwas. Da safe sai na yi kik ya fi sau ashirin kafin ya tashi, amma in ya ɗau zafi sau ɗaya ya isa. Yana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, musamman in na murɗa. Daga saman inji akwai ƙara kas-kas-kas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In na saki totur sai ya mutu, ba ya tsayawa silo. Cen ya saki har yana dukan firam, shokazoban gaba na hagu yana tsiyayar mai.

Duk wannan da sauƙi. Jiya ina wanke shi da kananzir, sai na ga a wuyan firam, inda ake buga lamba, an shafa baƙin fenti mai kauri, sabo, alhali fentin sauran jikin ya koɗe. Na ɗan kankara da farce, lambobi suka fara leƙowa, sai na tsaya. Na sunkuya na duba jikin inji, ƙasa ta hagu kusa da abin sa giya. Wurin da ya kamata a ga lamba sumul yake, da 'yan layuka kamar an bi shi da magagari.

Na zauna a kan bulo na daɗe ban motsa ba. Ni da na san ɗacin wayar gari a ga zaure wayam, ba na so in zama mai hawa kan hawayen wani. Ga shi kuma ruwa ya fara sauka, shuka ba ta jira, kuɗina duka suna cikin ƙarfen nan. Me zan yi da maganar lambar? Gyaran daga ina zan fara? Kuma yaya zan tsare shi kada a maimaita mini na bara?

Usta na Mantiga:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Ni makanike ne a Mantiga, unguwar garejoji, shekara 34 ke nan hannuna a cikin baƙin mai, injin nan kuwa na san shi ciki da bai. Maganar lamba akwai waɗanda suka fi ni sani, za su yi maka bayani. Nawa dai shi ne: kada ka sayi isbir, wato kayan gyara, ko na sisi sai ta warware. Amma akwai aikin da kananzir da sifana kawai yake ci, wannan yi abinka.

Kada ka yarda wani ya ce a sauke inji tun ba a duba iska da mai da bawul ba. Yaran yanzu da sun ga hayaƙi sai su ce rin da fistin, saboda nan kuɗin yake.

Fara da soson iska. Buɗe akwatin gefe ka zaro shi. Na tabbata ko dai ya ruɓe yana marmashewa, ko ma babu shi gaba ɗaya. Ƙurar ƙasar nan ita ke cinye rin, ba tafiya ba. In yana da sauran rai, wanke shi da kananzir, matse shi a tafin hannu, kada ka murɗe shi kamar wanki zai yage. Ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai ka mulmula har ya game ko'ina, ka matse rarar. Busasshen soso ba ya kama ƙura.

Sai kafireto. Mutuwar da yake yi in ka saki totur, ƙaramin jet ne ya toshe. Man da muke saye a kwalba da jarka bakin hanya yana zuwa da ruwa da ƙasa, ga tsatsar tsohon tanki. Kwance kofin ƙasa ka juye a farin faranti, za ka ga ruwan ya dunƙule a ƙarƙashin man kamar idon kifi. Fitar da jet ɗin ka ɗaga shi saitin rana, in haske bai ratso ba a toshe yake. Kada ka soka masa allura, za ka buɗa ramin ka lalata shi har abada. Zare silin jan ƙarfe guda ɗaya daga tsohuwar wayar wuta, da shi ake yi. Daga yau kuma ba ka zuba mai sai ta cikin ƙyalle.

Wahalar tashi da safe kuwa bawul nake zargi. In suka matse, ba sa rufewa ruf, matsin inji sai ya zurare. Ana saita su ne inji yana sanyi ƙalau, wanda ya kwana bai tashi ba. Ka juya magineto har alamar T ta zo daidai da tsagar, a zagayen da bawul biyun duk suke a sake. Tazarar milimita 0.05 ce, na shiga da na fita duka. Da fila, siririn ƙarfen awon tazara, ake yi, ba a yi da ido, ba a yi da reza. Fulogi kuma NGK D8EA ne nasa, bakinsa 0.6 zuwa 0.7. Duba launin wanda ke ciki ka faɗa mini: ruwan ƙasa lafiya, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai danƙo yana shan baƙin mai, fari fat kuwa iska ta yi yawa, kuma shi ne mai ƙona fistin.

Yanzu ƙarar da ka ji a sama, nan ne hankalina ya fi tsayawa. In Allah ya taimake ka taimin cen ne ya saki, a ɗaure shi a wuce wurin. In ba haka ba, to kamshaf ne. Injin nan kamshaf ɗinsa a sama yake, kuma yana juyawa ne a kan jikin kan injin kai tsaye, baƙin mai kaɗai ke tsakaninsu. Ranar da man ya ƙazantu ko ya yi ƙasa, sai ya ci mazauninsa. Honda da kansu sun lura da haka, shi ya sa a 1975 suka fito da CG 125, suka mayar da kam ɗin ƙasa suka sa sanduna masu tura bawul, domin ƙasashe irin namu inda mutum zai shekara bai yi juye ba. Cire ɗan murfin gefen kai, ka kama giyar kam ɗin da yatsu ka jijjiga. In tana rawa sama da ƙasa, aiki ya kai ga mai tona ƙarfe.

Kuma abin da kusan kowa ke mantawa: injin nan ba shi da filtar takarda. Raga ce ƙarama a bayan babban murfin da ake juye mai, da wani kofi mai juyawa a bayan murfin dama, wajen kuloci. Kofin nan yana tara dauɗa ta daskare kamar tukunyar da aka bar tuwo ya kwana. Na sha buɗe wanda tun fitowarsa daga Japan ba a taɓa kankare shi ba. Mai kusan lita ɗaya yake ci, ka sa 20W-50 na babur, ka juye duk kilomita 1,000 tunda cikin ƙura kake.

Hayaƙin ga yadda za ka gane. In da safe kawai yake yi ya ɗauke, robobin bawul ne. In yana bin totur kullum, rin ne. Cire fulogi ka zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin, mayar, ka taka kik a hankali. In ka ji ya ƙara nauyi a ƙafarka, rin sun tafi. Bulok ɗinsa milimita 56.5 ne tun asali, ana tona shi 0.25, 0.50, har zuwa 1.00. Duk ranar da za ka sayi fistin, tafi da tsohon a aljihu ka jera su. Kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Cen da sufuroket a tare ake sauya su, su uku. Ka bar masa sakin yatsu biyu, irin wannan babur bayansa yana nutsewa sosai, in ka ɗaure tam zai cinye maka boris. Sifokin taya kuma bi su ɗaya-ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya ce tin lafiya, wanda ya ce dum ya saki.

Ɗan Kasala:

Yaya, ni dai zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Kada ka kai kanka. Kai ba ka saci komai ba, ka biya kuɗinka, kana da shaidu. Abokin aikina ya kai nasa da ƙafarsa don a duba, aka ajiye a matsayin kayan shaida, ya fi wata biyar yana zirga-zirga, da aka ba shi rana ta cinye kujera, tayoyi sun tsage. Kai kuma damina ce a gabanka. Wa zai ciyar da yaranka in shuka ta wuce ka? Tun da yaƙin nan ya fara, babura nawa ne ke yawo ba takarda daga nan har Gallabat, bakin iyakar Habasha? Gona za ka da shi, ba cikin gari ba. Yi nomanka, in ka yanke riɗi a Oktoba ka ga abin da ya dace. Ba don ina goyon bayan sata ba wallahi, tausayinka nake ji.

Maman Yara, daga Madani:

Ƙanena, ban san komai a kan inji ba, amma na karanta maganarka sau biyu sai da na yi hawaye. Mu ma a watan nan da ka ambata muka fito. Maigidana tela ne, babur ɗinsa shekara uku yana tara kuɗinsa. A hanya masu bindiga suka tare mu, suka sauke mu, ɗaya ya hau ya tafi muna kallo. Muka ƙarasa a ƙasa, ni da goyo, shi da babbar 'yarmu a kafaɗa. Makullin ajiya da takardar babur ɗin suna cikin jakata har yanzun nan da nake rubutu, a cikin ledar da nake sa katin rigakafin yara. Mun shigar da lambarsa a shafin balag na 'yan sanda ta intanet. A jikin tankin akwai inda ɗanmu ya karce da ƙusa, baban ya yi ta faɗa ranar. Yau in muna tafiya a kasuwa babur irinsa ya wuce, sai in ga ya bi tankin da ido. Ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa.

Don haka ɗan'uwana na Kasala, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba. Wata biyar na zirga-zirga da ciwo, na sani. Amma akwai wanda yake jira tun 2023.

Sai dai kuma ƙanena, kada ka je wa mutumin nan da zargi. Abin da ya faɗa maka yana iya zama gaskiya tsantsa. Mu da muka tsira da takardar babur, ta aurenmu da ta makarantar yara duk can muka baro. Mutum yana fita da abin da hannunsa ya kai a lokacin. Je ka gaishe shi, ka tambayi jaririn, sannan ka nuna masa abin da ka gani. Daga fuskarsa za ka gane da yawa.

Malamin Makaranta, Mai Wurno:

Malam, Allah ya saka maka da wannan zuciya. Ina so in gyara wani abu a maganar ɗan'uwanmu na Kasala, domin zai iya jefa ka cikin matsala. Dokar laifuka ta 1991, sashe na 174 shi ne na sata, sashe na 181 kuma na karɓar kayan sata. Wannan na biyun yana hawa kan wanda ya karɓa ko ya ɓoye kaya yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne. Ranar da ka saya ba ka sani ba. Amma tun jiya da ka sunkuya ka ga wurin lambar a goge, matsayinka ya sauya. In aka tare ka a shingen bincike wata uku nan gaba, ba za ka iya cewa ban gani ba. Wanda ya kai kansa da shaidunsa daban yake da wanda aka kama a hanya.

Kada ka ƙara kankare fentin nan kai kaɗai. Ɗauki hoton wurin yadda yake, da na injin. Ajiye sanarwar Bankak ɗin, domin tana ɗauke da suna da rana da adadin kuɗi, ta fi takardar hannu ƙarfi. Ka nemi dillalin da shaidun biyu da shehin unguwarku, ku je wurin mai sayarwar tare, cikin mutunci kamar yadda Maman Yara ta ce. Ka tambaye shi ko yana da hoton shahadar bahas, wato takardar mallakar babur ɗin, a waya, ko wani ɗan'uwa da ya koma Madani zai iya dubo masa, tunda mutane suna komawa tun farkon 2025. Ko lambar faranti kawai ya tuna, ofishin murur, wato 'yan sandan kula da ababen hawa, za su iya bin ta. Daga nan ku wuce can gaba ɗayanku a kankare a gabansu.

Lambar da aka goge ba lallai ta tafi ba. Lokacin da aka buga ta, ƙarfen da ke ƙarƙashi ma ya matsu, shi ya sa masu binciken shaidu suke shafa wani sinadari ta sake bayyana, in dai ba a ci wurin da zurfi ba. Saboda haka kada ka taɓa wurin da komai, ko takardar goge ƙarfe.

Ta fuskar addini kuma abin da malamanmu suka karantar da mu a fili yake: mai kaya ya fi kowa haƙƙi da kayansa in ya gan shi, wanda ya saya kuma ya koma wa wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa.

Mai Walda a Jidda:

Ɗan'uwa, ni ma ɗan Gadarif ne, neman abinci ya kawo ni nan. Tambayarka ta uku zan taɓa. A nan dabbab suke ce wa babur, kuma yadda aka yi maka haka ake yi ko'ina: ba sa tayar da shi, ɗauka suke. Makullin wuya ba ya hana mutum biyu ɗagawa. Abin da ke hanawa shi ne a ɗaure babur da ƙasa.

Haƙa rami a zauren, zurfin kamu biyu. Sa mai walda ya lanƙwasa maka rodi mai kauri kamar babban yatsa ya zama zobe, ƙafafunsa su buɗe ciki, ka zuba kankare. Sarƙa mai kauri ta ratsa cikin firam da tayar baya. Kada ka ɗaure tayar gaba kaɗai, noti ɗaya ne za su kwance su bar maka ita. Kwadon kuma ya rataya a sama, in yana kwance a ƙasa sun sami maƙera, guduma biyu ta gama da shi. Mariƙin ƙofa a huda katakon a sa masa noti ta ciki, ƙusa ba tsaro ba ce, ka gani da idonka.

Makullin tsofaffin baburan nan bai da wani ƙarfi, don haka sa mai gyaran waya ya ɓoye maka maɓallin kashe wuta inda kai kaɗai ka sani, kuma kada a yi aikin a gaban 'yan kallo. A gona kada ka bar shi gindin bishiya bakin hanya, shiga da shi har bukka. Na'urar bin sawu mai layin waya tana aiki cikin gari, amma inda babu sabis ba ta da amfani, ni da kuɗinta gara ka ƙara kaurin sarƙa.

Lambobi kuwa rubuta su a bangon littafin da ba ya fita gida, ka tura hotonsu ga mutum biyu ta WhatsApp. Ka yi wata alama taka a ƙarƙashin tanki. Takarda ba ta kwana a jikin babur.

Manomin Hanyar Doka:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Kasala, na san don ni ka faɗa, kuma na kwana biyu ina juya maganarka. Amma Yaya ta Madani, zancen tankin nan da ɗanki ya karce shi ya tashe ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka je wurin mai sayarwar, ni da shehin unguwa da dillali. Na yi yadda kika ce. Jaririn har ya fara gudu. Da na nuna masa hoton wuyan, bai ko girgiza ba, ya ce wurin ya taɓa tsagewa gefen abin tare kan babur, mai walda ya ɗinke ya shafa fenti. Ya kira ƙaninsa da ya koma Madani, kafin magariba ga hoton takardar ya shigo. Da na nuna masa na injin kuwa sai ya sunkuyar da kai. Ya ce injin asali ya buga a 2024, ba shi da kuɗin gyara, ya sayi wannan a hannun wani mai baza kaya a ƙasa, ba rasit. Ya ce ya ga wurin a goge, kuma ya san dalilin arhar ke nan, amma a lokacin da babur ɗin yake ɗauko ruwa yana sayarwa su ci. Ya nemi gafarata don bai faɗa mini ba.

Ranar Lahadi muka je murur. Aka kankare fentin a gabanmu, lambar shasi ta fito daidai da takarda, harafi da harafi. Firam ɗin halal ne, za a mayar da shi sunana. Injin kuwa an sauke an riƙe za a bincika, aka rubuta bayanina da nasa, aka ba ni takarda. Mun yi da shi zai mayar mini da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin bayan yankan riɗi, don yanzu ba shi da shi, kuma ban ga amfanin matsa masa ba. Zobe na riga na kafa a zaure, kankaren yana bushewa.

Yanzu ga firam a jingine ba inji, shuka kuma saura kwanaki. Baba Usta, na duba soson kafin mu tafi, rabinsa ya zama gari kamar yadda ka ce. Akwai wani maƙwabcina da ke da injin CG na Sin, da rasit ɗinsa da lambarsa, firam ɗinsa ne ya karye. Zai zauna a jikin XL?

Usta na Mantiga:

Zai zauna ɗana, na sha yi. Mazaunan ƙasa kusan ɗaya ne, mariƙin sama ne sai an yanka sabo, bakin salansa ma a ɗan gyara, wayoyin wuta kuma a bi su ɗaya-ɗaya. Ba zai kai na asalin tashi ba, amma ya fi shi haƙuri da ƙura, kai kuwa abin da kake bukata ke nan. In ka ga yana nishi a laka sai mu ƙara wa sufuroket na baya haƙora. Kafin ka ba da kuɗi, sunkuya da kanka ka karanta lambar jikin injin ka gwada da ta rasit, maƙwabcin ya rubuta maka takarda da lambar a ciki, a shigar da ita murur tare da sauyin suna. Ɗoro firam ɗin da injin a karo, wato keken jaki, ka kawo mini ranar Asabar da sassafe. Ka taho da robar shokazoba guda biyu, tunda za mu buɗe na hagu gara mu yi duka, da sabon soso.